Sauya kaki a sojan Amurka: bitar hanyar DD 368 da ofishin ɗaukar tsofaffin hannu

Sojan da ba hafsa ba a Amurka, wanda yake so ya cire kakin sojan sama ya sa na sojan ƙasa, ko ya sauko daga jirgin ruwa ya koma wani reshe, ya fara cire wa ransa cewa canjin wurin aiki zai yi. Ba irin canjin da ake yi wa malamin makaranta daga wannan gari zuwa wancan ba ne. A takarda sallamarsa za a yi daga reshe ɗaya, ɗayan kuma ya ɗauke shi da sabuwar rantsuwa da sabon kwantiragi. Duk wahalar da ke cikin lamarin daga nan ta samo asali: iyayen gida biyu ne, kowanne da lissafinsa, kuma babu ofishi guda da aka ɗora wa alhakin ganin ka ƙetare lafiya.

Rassan shida ne: sojan ƙasa, sojan ruwa, sojan sama, Marin (dakarun kai farmaki daga teku zuwa tudu), dakarun tsaron gaɓar teku, da rundunar sararin samaniya da aka kafa a watan Disambar 2019. Albashinsu ɗaya ne, domin jadawali guda ake bi, daga mataki na E-1 zuwa E-9. Saboda haka wanda zai sauya don kuɗi ya zauna inda yake. Abin da ya bambanta su shi ne irin aikin, saurin ƙarin girma, wurin zama, da yawan kwanan daji ko kwanan teku.

Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne: tana aiki, amma an gina ta ne don buƙatar rassan, ba don buƙatar sojan ba. Wanda ya fahimci haka ya shirya takardunsa shekara guda kafin lokaci yakan ƙetare. Wanda ya shiga da zafin rai saboda wani saja ya ɓata masa, shi ne yakan ƙare da igiya ɗaya ta ragu, da bashin da bai san da shi ba.

Ƙofofin biyu ne, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce ka gama wa'adin kwantiraginka, a ba ka takardar sallama DD 214, ka je ofishin ɗaukar soja na reshen da kake so a matsayin tsohon hannu. Ta biyu ita ce ka nemi a sake ka alhali wa'adinka bai cika ba. A wurin sojan dindindin wannan ta biyun ƙarama ce ƙwarai, domin reshenka ya kashe kuɗi ya horar da kai, ba zai miƙa ka ga wani ba sai in yana da rarar mutane a sana'arka da matakinka. A wurin sojan ko-ta-kwana da dakarun jihohi ta fi buɗewa, ko da yake nan ma alfarma ce, ba hakki ba.

Amma ko ƙofar farkon tana da igiya a ƙafa, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. Duk wanda ya shiga sojan Amurka ya ɗauki nauyin shekara 8 ne a doka. In ka yi 4 a bakin aiki, sauran 4 sunanka yana cikin rukunin IRR, wato waɗanda suka koma gida, ba fareti ba albashi, amma ana iya kiransu. Muddin kana cikin wannan rukuni, har yanzu kai na tsohon reshenka ne, kuma sai ya sa hannu ya sake ka.

Takardar sakin ita ce DD 368, kuma a gaskiya fom ɗin kansa ba shi da laifi. Gajere ne, an raba shi kashi huɗu. Kashi na farko kai da jami'in ɗaukar soja na sabon reshen ne za ku cike: sunanka, matakinka, rukunin da kake, adireshin ofishinsa, sa hannunka da nasa. Kashi na biyu na tsohon reshenka ne, inda mai iko zai ce ya yarda ko bai yarda ba, in ya yarda kuma ya rubuta ranar da izinin zai ƙare. Kashi na uku sabon reshen ne ke cikewa bayan ka yi rantsuwa, ya mayar wa tsohon domin a cire sunanka. Na huɗu wurin ƙarin bayani ne. Sakin na sharaɗi ne, ma'ana in ba ka kai ga rantsuwa ba kafin ranar ta wuce, kana nan inda kake kamar ba a yi komai ba.

Ba a fom ɗin gizo ke saƙa ba, a tafiyarsa ne. Kwamandan kamfaninka yawanci shawara kawai yake bayarwa, ikon yana sama. Na sojan ƙasa da ke IRR ana neman sa hannun a ofishin kula da ma'aikata da ke Fort Knox a jihar Kentaki. Na sojan ruwa a Millington ta jihar Tenesi. Sojan sama na dindindin a Randolph ta Texas, na ko-ta-kwanansu a Buckley ta Kolorado. Dakarun jiha kuwa takardarsu sai ta hau tsani har zuwa hedikwatar jihar. Tsakanin teburin farko da na ƙarshe, takarda tana iya kwana makonni a tire ba wanda ya ɗaga ta, ba don mugunta ba, don ba aikin gaggawa ba ne a wurin kowa sai kai. Zuwa da kai ya fi aike: ka san sunan ofishin da take a kowane mako, ka riƙe kwafin kowane sa hannu, ka haɗa ta da wasiƙa mai shafi ɗaya da ke bayyana dalilinka. Dalilin da yake tafiya shi ne wanda ya nuna ribar gwamnati, kamar komawa aikin dindindin daga na wucin gadi, ko shiga sana'ar da ake ƙarancin mutane. Dalilin da ya tsaya kan ƙorafi a kan shugabanninka, su ne fa za su karanta shi.

Kurakurai biyu ne suka fi kayar da mutane a nan, kuma duka biyun ana iya kauce musu. Na farko, sojan ko-ta-kwana ya ga an sa hannu a kashi na biyu sai ya daina zuwa atisayen ƙarshen mako. Ba a sake shi ba tukuna. A rukunonin ko-ta-kwana na sojan ƙasa ana ƙirga atisaye da zangon awa 4, ƙarshen mako guda zango 4 ne, kuma fashi 9 ba izini cikin shekara ya isa a rubuta mutum cikin marasa halarta. Asabar da Lahadi uku ke nan, ka ɓata takardar da sabon reshen zai karanta. Na biyu, bayan rantsuwa ba wanda ya mayar da kashi na uku. Tsohon rukuninka yana ta rubuta ka fashi, kuɗin inshorar rai yana ta taruwa a kanka a matsayin bashi, kai kuma kana can filin horo ba ka sani ba. Ka ɗauki kwafin sabon kwantiraginka DD 4 da fom ɗin da aka cike, ka aika wa tsohon ofishinka da kanka, ka nemi su tabbatar a rubuce sun karɓa.

Wanda ya riga ya fita, makomarsa tana ƙasan DD 214, a ƙananan akwatunan da ba kowa ke dubawa ba ranar sallama saboda ɗokin tafiya gida. A fom ɗin da aka daɗe ana amfani da shi, akwati na 24 yana faɗin halin sallamar, ko da mutunci ne ko akasin haka. Na 26 lambar dalilin fita ce, na 28 dalilin ne a rubuce, na 27 kuma lambar sake shiga, wadda ake kira RE. Jami'in ɗaukar soja kafin ya tambayi sunanka sau biyu ya riga ya kai ido can. RE-1 hanya a buɗe take. RE-3 sai an nemi rangwame, kuma ana iya hanawa. RE-4 a sojan ƙasa, sojan ruwa da Marin kusan rufe ƙofa ne. Sojan sama kuwa tsarin lambobinsu daban ne, kada a auna su da wannan ma'auni. Akwai lambar 2I, misali, da ake ba wanda ya gama zangon farko bai zama ɗan ƙasa ba, wadda ba ta nuna wani laifi. Guntun kwafin DD 214 ba ya ɗauke da waɗannan akwatunan, don haka ka tabbata ka riƙe dogon, wanda aka fi sani da Member 4. In an yi kuskure a lambar, a gyara kafin ka sa hannu. Bayan fita gyaran sai ta hukumar gyara bayanai da fom DD 149, ko hukumar duba sallama da DD 293, kuma wannan tafiya ce ta watanni masu yawa.

Ofishin ɗaukar sojan kansa, nan ne hidimar ta fi rauni. Jami'in da ke zaune a can yana da adadin da ake nema ya kawo, kuma yaro ɗan shekara 18 da ya gama sakandare ya fi sauƙin shigarwa sau goma a kan tsohon hannu mai tarin fayil, mai matakin da sai an tantance, mai tarihin asibiti. Guraben tsofaffin hannu kuma ƙidayayyu ne, ana buɗe su ana rufewa bisa buƙata. Shi ya sa za ka ji an ce a kira ka ba a kira ba. Maganin shi ne ka shiga da fayil cikakke a ranar farko, yadda aikinka zai zo masa da sauƙi: dogon DD 214, duk kwantiragin da ka taɓa sa wa hannu, rahotannin aikinka na ƙarshe, sakamakon gwajin ƙarfi, takardun kwasa-kwasai, takardar aure da na haihuwar yara. In ka ga ana yi maka riƙon sakainar kashi, babu dokar da ta ɗaure ka da ofishi ɗaya, je wani.

Lokaci ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Shekarar kasafin gwamnatin Amurka tana farawa ranar 1 ga Oktoba, a nan ake sabunta gurabe. Sannan ƙofar tana bin yunwar reshen. A 2004, lokacin yaƙin Iraƙi da Afganistan, sojan sama da na ruwa suna rage mutane, sojan ƙasa yana nema ido rufe, sai aka buɗe shirin Blue to Green, har da wani gajeren kwas na makonni 4 don masu ƙetarowa. Da buƙata ta ragu aka rufe kwas ɗin. A shekarar kasafi ta 2022 sojan ƙasa ya nemi mutum 60,000 ya rasa kusan 15,000, a lokacin tsohon hannu yana da daraja. A 2025 kuwa ya cika adadinsa na 61,000 tun da sauran watanni. Abin da abokinka ya samu shekara uku da suka wuce ba hujja ba ce a yau. Rundunar sararin samaniya ta nuna ƙuncin lamarin ƙarara: a 2021 sama da mutum 3,700 daga sojan ƙasa, ruwa da Marin suka nemi ƙetarawa, zagayen farko aka zaɓi 50.

Gwajin lafiya shi ne inda ƙwararrun sojoji suka fi shan mamaki. Ma'aunin lafiya biyu ne: na ci gaba da aiki, da na shiga. Na farkon yana da sassauci, domin an san aikin soja yana cin gwiwa da baya da kunne. Na biyun tsattsaura ne. Mutum yana iya zama lafiyayye a reshensa yau, gobe ya je cibiyar tantancewa ta MEPS a auna shi da ma'aunin kurtu a ce bai cancanta ba. Can za ka koma layi ɗaya da yara, a sa ka cikin ɗakin gwajin ji da abin kunne kana danna maɓalli duk sanda ka ji ƙara, a buɗe maka littafin ɗigo-ɗigo masu launi ka karanta lambar da ke ɓoye, a sa ka tsuguna ka yi tafiyar agwagwa likita yana kallon gwiwarka da idon sawunka. Tun 2022 cibiyoyin suna amfani da manhajar MHS Genesis, wadda ke janyo tarihin asibiti da na magunguna, har daga asibitocin farar hula da yawa. Ɓoyewa ta ƙare, kuma dama ƙarya a fom ɗin lafiya laifi ne da ke iya jawo kora. Abin yi shi ne ka karanta fayil ɗinka kafin su karanta: maganin asma da aka taɓa rubuta maka, maganin barci ko na damuwa, tiyata, duk ka nemo takardar likita da ta nuna an warke da ranar da aka daina magani. Rangwame yana samuwa, amma reshen da zai ɗauke ka ne ke bayarwa, ba MEPS ba, kuma yana cin lokaci. Ka tuna agogon DD 368 yana tafiya. In ka ga ranar ta matso, nemi sabon sa hannu tun kafin ta wuce. Wanda kuma yake karɓar diyyar rauni daga ma'aikatar tsofaffin sojoji, ba a haɗa ta da albashin dindindin. Sai ya sanar a dakatar, in ba haka ba za a bi shi bashin duk abin da ya shiga.

Sai batun sana'a. Jarrabawar shiga soja ta ASVAB ɗaya ce, amma kowane reshe da yadda yake haɗa makin. Sojan ƙasa yana da makin GT da 'yan'uwansa, sojan sama yana kasa shi gida huɗu, na kanikanci, ofis, gama-gari da lantarki, sojan ruwa kuma yana tara makin sassan jarrabawar kai tsaye ga kowace sana'a. Makin da ya ba ka aiki mai kyau a can yana iya gazawa da maki biyu a nan. Wanda yake bakin aiki yana iya sake zama ta jarrabawar AFCT a ofishin ilimi na barikinsa, sai dai sabon maki shi ke tsayawa ko da ya fi tsohon ƙasa, don haka ba a shiga ba shiri. Sana'o'in da suka yi kama suna sauƙaƙa ƙetarawa: ɗan sandan soja 31B ne a sojan ƙasa, MA a na ruwa, 3P0X1 a na sama, ma'aikatan jinya na rassan uku duk a San Antonio ake horar da su. Duk da haka kama ba ta zama ɗaya ba, sau da yawa sai an koma makaranta. Kuma tsohon hannu ba ya samun dogon jerin zaɓin da ake shimfiɗa wa sabon yaro. Wani lokaci sana'a uku za a nuna maka a ce ɗauki ko bari.

Igiya ita ce abin da ya fi ci wa mutane rai, kuma ya kamata a yi lissafinta da biro. Sunaye ma suna ruɗarwa: wanda ake kira staf saja a sojan sama E-5 ne, a sojan ƙasa da Marin kuwa E-6 ne, don haka da lambar mataki ake magana, ba da suna ba. Daga E-4 zuwa ƙasa yawanci ana riƙe mataki. Daga E-5 zuwa sama sai an tantance, domin sabon reshen ba ya son ɗora baƙo a kan yaransa alhali bai san aikin ba, kuma kowane saja da aka shigo da shi daga waje ya toshe gurbin wani na ciki. A ce mutum E-5 ne mai shekara 8, aka ce sai ya sauko E-4. A jadawalin albashi, E-4 yana daina ƙaruwa ne daga shekara 6, E-5 kuwa yana hawa har 12. Ga alawus ɗin gida da ke bin mataki, shi ma ya sauka. Ga kuma iyakar shekarun da aka yarda mutum ya zauna a mataki ɗaya kafin a sallame shi, wadda yanzu ta matso kusa da shi. Wanda bai yi wannan lissafin ba, tsugune ba ta ƙare ba.

Horon kurata ya danganta da inda ka fito da inda za ka. Marin ba sa ɗaga wa kowa ƙafa: ko shekara nawa ka yi a wani reshe, sai ka yi makonni 13 a Parris Island ko San Diego, a aske ka tare da yara, sau da yawa da ragin igiya, ga iyakar shekarunsu 28 ga sabon shiga. Sojan ƙasa yakan yafe wa tsohon Marin, amma wanda ya fito daga sama, ruwa ko tsaron gaɓa yawanci sai ya yi horon makonni 10. Sojan ruwa yana da gajeren zaman sabo da gida a Great Lakes kusa da Chicago, masu tsaron gaɓa kuma suna da kwas na kusan makonni 3 a Cape May ga waɗanda suka cancanta. Ka fara shirya jiki wata shida kafin lokaci, da gwajin inda za ka, ba na inda kake ba. Marin mil 3 suke gudu, ga jan jiki a ƙarfe. Sojan ƙasa mil 2, ga ɗaga nauyi da jan kaya. Sojan ruwa kuwa sai ka diro daga dandamali mai tsayin ƙafa 10, ka yi iyo yadi 50, ka kwanta a kan ruwa minti 5. Wanda ya tashi inda ba kogi ya nemi wurin koyon iyo tun yanzu.

Inda wannan hidima ta cancanci yabo na gaske shi ne abin da ke bin ka. Shekarunka na aiki ba sa ɓacewa: ana lissafa su a albashi, shekarun dindindin kuma suna shiga cikin shekara 20 da ake buƙata kafin fansho. Zaman IRR yana ƙaruwa a lissafin albashi amma ba ya shiga fanshon dindindin. Ranar da ka fara shiga soja ba ta canzawa, ita ke nuna ko kana tsohon tsarin fansho mai kashi 2.5 a kowace shekara, ko sabon da ya fara 1 ga Janairun 2018 mai kashi 2 tare da gudummawar gwamnati a asusun ajiyar ritaya na TSP. Asusun ma yana nan. Izinin ganin sirri yana bin ka muddin tazarar fitarka ba ta wuce wata 24 ba. In ta wuce, sabon bincike daga farko.

Abin da ba ya bin ka kuwa sai an yi hattara. In ka karɓi kuɗin garaɓasar sa hannu kuma ka fita kafin wa'adi, za a karɓe rabon da ba ka yi wa aiki ba. Wanda ya miƙa wa matarsa ko 'ya'yansa tallafin karatu na GI Bill ya ɗauki alkawarin ƙarin shekara 4. In tazara ta shiga ko aka sake shi ba a daidaita ba, tallafin yana iya rushewa, har a nemi abin da aka riga aka biya. Hutu ana tara kwana 2 da rabi a wata, amma kwana 60 kacal ake yarda mutum ya sayar a duk rayuwar aikinsa, kada ka ƙone su a wannan sallamar ba tunani. Kuma muddin kana cikin hutun ƙarshe kai sojan tsohon reshe ne, ba za ka yi sabuwar rantsuwa ba sai washegarin ranar sallama. Inshorar rai ta dala 500,000 tana rufe ka kwana 120 bayan fita, amma inshorar asibitin iyali ga wanda ya gama wa'adinsa da kansa takan yanke a ranar. Mai mata da juna biyu ko yaro mai shan magani kullum, ya tsara yadda ba za a sami ko mako guda a tsakani ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka shiga da katin zama na dindindin, shawara ɗaya ce: ka kammala zama ɗan ƙasa kafin ka taɓa batun sauya reshe. Ana cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa N-400 tare da na shaidar aikin soja N-426 da rundunarka za ta sa wa hannu, soja ba ya biyan kuɗin fom, kuma sa hannun ya fi sauƙin samu kana cikin rukunin da ya san ka. Ba tare da zama ɗan ƙasa ba babu izinin sirri, sana'o'i da yawa a rufe suke, sojan sama ma ba ya sabunta kwantiragin wanda bai zama ɗan ƙasa ba. Haka izinin barin gemu ko sa hijabi: reshen da ya bayar shi ya bayar, kada ka ɗauka zai bi ka, sabon nema za ka yi, ga shi a 2025 an ƙara tsaurara batun gemu. Ka tambaya kafin rantsuwa, ba ranar da ka zauna a kujerar wanzami ba. Wanda kuma yake Kano ko Kumasi wani ya ce ya kawo kuɗi a shigar da shi sojan Amurka daga can, damfara ce, ba a shiga sai da zama ɗan ƙasa ko katin zama.

Akwai hanya guda da muke ganin ta fi kowacce biyan wahalarta, kuma ba a cika ambatonta ba: shirin tuƙin jirgi na sojan ƙasa, WOFT. Yana karɓar ƙananan sojoji daga sauran rassa, ba ya neman digiri. Ana buƙatar zama ɗan ƙasa, makin GT 110, maki 40 a jarrabawar tantance matuƙa ta SIFT, gwajin lafiyar matuƙa, da wasiƙun shaida. Wanda aka zaɓa zai je Fort Rucker a Alabama, ya fito da muƙamin waranti yana tuƙa helikwafta. Da yake hawa sama ne ba tsallake gefe ba, kwamandoji sun fi sakin hannu a kan DD 368 irin wannan. Farashinsa shekara 10 na aiki bayan gama makarantar tuƙi, don haka a zauna da iyali kafin a nema. Wanda kuma gajiya da aikin dindindin ce kawai ke damunsa, ya duba gida tukuna: canjin sana'a a cikin reshensa, ko a sojan sama shirin Palace Chase da ke mayar da mutum ko-ta-kwana kafin wa'adi. Waɗannan ba sa taɓa igiya, ba sa mayar da kai layin kurata.

Ranar rantsuwa, a ɗakin mai ba da shawara na MEPS, kada kunya ko gajiya ta sa ka sa hannu ba ka karanta ba. DD 4 da shafukan da aka maƙala masa su ne alkawarin, abin da aka faɗa da baki a ofis ba ya cikin lissafi. Sa yatsa ka bi layi-layi: matakin albashi, lambar sana'a, tsawon wa'adi, garaɓasa in akwai, barikin da aka yi maka alkawari, ko za ka yi horon kurata ko an yafe. In ɗaya ya saɓa, kana da damar tashi ka tafi, kana nan a matsayinka na jiya.

Bayan ka isa sabon wuri, takardar albashi ta farko ita ce za ta nuna ko an ƙetare da kai daidai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shigar da ranar rantsuwarka a matsayin ranar fara lissafin albashi, sai a biya ka kamar wanda bai kai shekara 2 ba. Duba akwatin ranar albashi da na shekarun aiki, duba ko kason TSP yana fita, je ofishin katin shaida ka tabbata matarka da yara suna cikin rajistar sojoji da iyalansu ta DEERS. In ka ga kuskure, kai wa ofishin kuɗi DD 214 da duk tsofaffin kwantiragi ka nemi a sake lissafin shekarunka. Ana biyan bambancin a baya, amma yakan ɗauki wata biyu ko uku, don haka ka shigo da ajiyar da za ta riƙe haya da cefane na wannan tsakanin.